Waiwaye: Yadda Sufeton FDA Ya Tashi Daga Ƙofar Masana'anta Ya Kai Teburin Shugabanni

A 1952 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Cardiff cewa ba za a hukunta mai masana'anta don ya hana sufeton FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, shiga ba, saboda dokar lokacin ba ta fito fili ba. Shekara ɗaya bayan haka majalisa ta gyara dokar: sufeto zai shiga ba sai an yarda ba, amma wajibi ne kafin ya fita ya bar wa kamfani abin da ya gani a rubuce. Wannan shi ne tushen takarda mai lamba 483, wadda har gobe ke hana masu ƙera na'urorin likitanci barci.

A wancan zamani hukumar ba ta da ikon tantance na'ura kafin ta shiga kasuwa. Sai ɓarna ta auku take bi ta kotu. Kwamitin Cooper, da gwamnati ta kafa don nazarin na'urorin likitanci, ya ba da rahoto a 1970 cewa cikin shekara goma na'urori sun jikkata mutum kusan 10,000, da mutuwar 731. Sannan ga Dalkon Shield, robar hana ɗaukar ciki da ake sakawa a mahaifa, ta kamfanin A.H. Robins, wadda zarenta mai sili-sili da yawa ke jan ƙwayoyin cuta zuwa mahaifa, har aka dakatar da sayar da ita a 1974. A ranar 28 ga Mayu 1976 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu kan dokar da ta kasa na'urori aji uku gwargwadon haɗarinsu, ƙa'idojin ƙira kuma suka biyo baya a 1978.

Ƙa'idojin 1978 layin aiki kawai suka sa wa ido: tsabta, injuna, gwajin ƙarshe. To amma na'urar da aka tsara ba daidai ba, ko an ƙera ta a ɗakin da ya fi ko'ina tsabta, lalatacciya ce. Da hukumar ta bi diddigin kayan da aka janye daga kasuwa tsakanin 1983 da 1989, ta gano kusan kashi 44 cikin ɗari na matsalolin daga tsarin na'urar suka taso. Dokar 1990 ta ba ta ikon shiga wannan fage, ƙa'idar 1996 kuma ta tilasta wa injiniyoyi rubuta buƙatun mai amfani, da gwajin da ya nuna an cika su, da dalilin kowane sauyi. Daga 1999 sufeto ya riƙa bin ɓangarori huɗu: shugabanci, tsara na'ura, ƙira, da tsarin gyara da rigakafi da ake kira CAPA.

Ƙa'idar amsawa ta zo a 2009. Kamfani na da kwana 15 na aiki bayan karɓar 483 ya miƙa amsa, in yana so a duba ta kafin a yanke shawarar aika masa wasiƙar gargaɗi. Doka ba ta tilasta amsar ba, amma mai hankali ba ya yin shiru.

A nan ne kamfanoni da yawa ke faɗuwa. Ɗauki misalin injin da ke liƙe bakin ledar da ake saka sirinji kafin a kashe ƙwayoyin cuta. Sufeto ya ga takardar da ke manne jikin ma'aunin zafinsa ta nuna wa'adin daidaita shi ya wuce da wata huɗu. Amsar da aka saba gani ita ce an daidaita ma'aunin, an sake horar da ma'aikaci. Wannan shafa mai ne a baki. Abin da ake nema shi ne: da aka gwada ma'aunin, da digiri nawa ya kauce? Wane rukunin kaya ne ya bi ta injin cikin waɗannan watanni, kuma an gwada ƙarfin liƙin samfuran da aka ajiye? In liƙin bai kama ba, kayan da ke asibitoci fa, za a janye su? Me ya sa tsarin tunatarwa bai kama kuskuren ba, kuma ma'aunai nawa ne ke cikin hali ɗaya a sauran layuka? Kowace amsa da hujjarta a liƙe, da sunan muƙamin wanda zai yi aikin, da rana. Abin da ba zai kammalu cikin kwana 15 ba sai a ba shi jadawali na gaskiya, a riƙa aika rahoton ci gaba. Alƙawarin da aka saɓa ya fi wanda ba a ɗauka ba illa, domin shi sufeto zai fara dubawa idan ya dawo.

Turai ma ta sha nata darasin. A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa na cika nonon roba da ake dasa wa mata da silikon ɗin masana'antu, yana ɓoye shaidar duk lokacin da aka sanar da shi masu bincike na tafe. Daga nan aka shigo da binciken ba-zata, kuma sabuwar dokar 2017 ta fara aiki a Mayun 2021.

Sauyi na baya-bayan nan a Amurka shi ne ƙa'idar kula da ingancin na'urori mai suna QMSR da aka fitar a farkon 2024, da wa'adin fara aiki 2 ga Fabrairu 2026, wadda ta ɗora tsarin kan ma'aunin duniya na ISO 13485:2016. A da, rahoton binciken cikin gida, da na masu kawo kaya, da bayanan zaman bitar shugabanni, ba a buɗe su ga sufeto a bincike na yau da kullum, don kamfani ya samu sakewar faɗa wa kansa gaskiya. Sabuwar ƙa'idar ta cire wannan kariya. Duk matsalar da mai binciken cikin gida ya rubuta, shugabanni suka gani suka ɗage, sufeto na iya karanta ta da ranar da aka rubuta ta.