Dokar Patriot ta Amurka: wane ne ɗan ta'adda, wa kuma ake bibiya?

Kwana 45 kacal bayan harin 11 ga Satumban 2001, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar da ake kira Patriot. A majalisar dattawa mutum 98 suka amince, Sanata Russ Feingold ne kaɗai ya ƙi. Lokacin zukata na tafasa, ba a tsaya dogon nazari ba.

Sashe na 802 shi ya fayyace ta'addancin cikin gida, kuma abin da ya fi dubawa shi ne niyya. Sai aikin ya kasance mai barazana ga rai, ya saɓa dokar laifuka, sannan alamu su nuna an yi shi ne don razana jama'a, ko tursasa gwamnati ta sauya manufa, ko juya akalarta ta hanyar kisa, garkuwa da mutane ko gagarumar ɓarna. Wanda ya harbe mai shago ya kwashe ciniki ɗan fashi ne. Wanda ya dasa bam a tasha don gwamnati ta janye sojojinta daga wata ƙasa, ko sunan waɗanda ya kashe bai sani ba. Da masu rai yake magana, su yake so su firgita su matsa wa shugabanninsu.

To, da yake a ɓoye ake ƙulla irin wannan, sai dokar ta sakar wa hukumomin leƙen asiri mara. Nan ne aka yi ta kai ruwa rana.

Sashe na 215 ya ba hukumar FBI damar zuwa wata kotun sirri, wadda aka kafa tun 1978, ta nemi izinin karɓar takardu da bayanai daga kowane kamfani. Bayan gyaran 2006, sharaɗin shi ne bayanan su kasance da alaƙa da binciken da ake yi. Kalmar alaƙa ɗin nan aka ja kamar roba. A Yunin 2013 Edward Snowden, wanda ya yi aikin kwangila da hukumar leƙen asiri ta NSA, ya fallasa umarnin kotun da ya sa kamfanin sadarwa na Verizon ya riƙa miƙa wa NSA bayanan kiran abokan hulɗarsa kullum, mai laifi da marar laifi.

Gwamnati ta ce ai ba ta sauraron hirar kowa, lambobi ne kawai da lokacin kira da tsawonsa. A ganina wannan kariya ba ta da ƙarfi. A ce mace ta kira likita ƙarfe biyun dare, da asuba ta kira mahaifiyarta, da hantsi ta kira lauya. Ko ba ka ji kalma ɗaya ba, ka san gidan ba lafiya.

A Mayun 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara a New York ta ce sashen bai halatta wannan tara bayanai na kan mai uwa da wabi ba. Wata guda bayan haka aka yi dokar Freedom, wadda ta bar bayanan a hannun kamfanoni, sai hukuma ta kawo takamaiman lamba ko suna kafin a ba ta. Shi kansa sashe na 215 wa'adinsa ya ƙare a Maris ɗin 2020, majalisa ba ta sabunta shi ba.