Darshan: Abin da ya sa hoton allahiyar Hindu ke kallon ka ido cikin ido

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya saba ganin wannan: hoton wata mace a bangon ɗaki ko shago, kambi a kanta, hannaye huɗu ko takwas, an rataya wa hoton sarƙar furanni, turaren tsinke na ta hayaƙi a gabansa. Hannayen ne ke fara ɗaukar hankali, amma ka duba idanun. Kusan kullum a buɗe suke tar, sun fuskanci mai kallo. Dalilin yana cikin kalmar darshan.

Asalin kalmar daga harshen Sanskrit ne, ma'anarta gani. A bakin mabiya addinin Hindu kuwa, gani ne na ɓangare biyu: mai ibada ya ga abin bautarsa, abin bautar ma ya gan shi, kuma a aƙidarsu albarka na sauka ne a wannan haɗuwar ido. Shi ya sa mutum zai yi tafiyar kwanaki, ya bi dogon layi a wurin bauta, don tsayuwar ɗan lokaci kaɗan gaban gunki, ya dawo yana cewa ya samu darshan. A unguwar Kumartuli ta birnin Kolkata, inda ake ƙera gumakan allahiya Durga da laka, zanen ido biki ne mai zaman kansa da al'ada ta ware wa ranar Mahalaya, wadda ke zuwa gab da bikin Durga.

To yaya aka yi abin ya koma kan takarda? Nan ne sunan Raja Ravi Varma ke shigowa, mai zane ɗan masarautar Travancore da ke kudancin Indiya, wanda ya rayu daga 1848 zuwa 1906. Ya koyi zanen fenti irin na Turawa, mai inuwa da kamannin mutum na zahiri, sai ya zana allahiya Lakshmi da allahiya Saraswati kamar matan Indiya sanye da sari. A 1894 ya buɗe maɗaba'a a Bombay, aka riƙa buga hotunan masu launi ana sayarwa da araha. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin da aka haramta wa mutanen da ake ɗauka ƙasƙantattu shiga wuraren bauta da yawa. A Travancore ɗin kanta sai a 1936 aka buɗe musu ƙofa. Wanda aka hana shi gunkin dutse, ga shi ya samu na takarda a ɗakinsa. Daga baya garin Sivakasi na jihar Tamil Nadu ya shahara da buga irin waɗannan hotuna a jikin kalanda.

Tunda mai ibada na buƙatar ya gane wadda yake kallo nan take, kowace allahiya na da alamominta, kamar yadda ake gane basarake da rawaninsa da sandarsa. Lakshmi ta arziki ce: tana tsaye ko zaune kan furen lotus, wanda ya yi kama da bado, tsabar zinariya na zuba daga tafinta, wani lokaci giwaye biyu na kwara mata ruwa. 'Yan kasuwa ita suke kafawa kusa da akwatin kuɗi, musamman a bikin Diwali. Saraswati ta ilimi da kiɗa ce, fararen kaya, littafi, carbi, da vina, kayan kiɗa mai tsirkiya da dogon wuya, ga ɗawisu ko farin tsuntsun ruwa a gefenta.

Durga ce ta fi cika hoto. Tana kan zaki, hannaye takwas ko goma, kowanne da makami, domin labarinsu ya ce alloli maza ne suka kasa kayar da Mahishasura, aljani mai siffar ɓauna, sai kowannensu ya ba ta makaminsa: Shiva ya ba da mashi mai baki uku, Vishnu ya ba da faifan jifa. Yawan hannun ke nan, hanya ce ta nuna iko iri-iri a jiki guda. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fuskarta: tana tsakiyar yaƙi, mashi ya shige jikin abokin gaba, amma a yawancin hotunan fuskar a natse take, ta juyo wajen mai kallo. Kali kuwa baƙa ce ko shuɗiya, harshe a waje, sarƙar kawuna a wuya, ƙafarta kan Shiva.

Tafin hannu ma magana yake yi. Idan an ɗaga shi yana fuskantar ka, sunansa abhaya, wato kada ka ji tsoro. Idan ya dubi ƙasa a buɗe, varada ke nan, alamar kyauta.

Matsalar kalanda ita ce shekara na ƙarewa. Gidaje da yawa ba sa jefa tsohuwar a shara, tunda sun ɗauka mai gani ce a jiki. Wasu su yanke hoton su sa a firam, wasu su ajiye shi a gindin pipal, bishiyar da suke ɗauka mai tsarki, wasu kuma su kai shi kogi su sake wa ruwa.