Ina kuɗin kula da filin golf da wurin shaƙatawa ke tafiya? Tambayoyi da amsoshi

A watan Janairu ciyawar bakin titi a Abuja ta bushe ƙurmus, amma wanda ya leƙa filin golf na IBB, mai ramuka 18, zai tarar da wasu wurare kore shar. Daga nan tambayoyi kan taso, musamman idan aka ji an ware kuɗin gyaran irin wannan fili ko wurin shaƙatawa na jama'a.

Malam, ciyawa ce fa kawai. Wane aiki ne a cikinta?

Ba iri ɗaya ake yanke ta ba. Akwai ta gefe da ake bari ta ɗan yi tsawo, akwai ta hanyar da ƙwallo ke bi, sannan akwai ta kewayen rami, wadda 'yan wasa ke kira girin. Wannan ta ƙarshe ita ce mai cin kuɗi. Ana aske ta har ta koma kamar milimita 3 zuwa 4, kusan kullum da sassafe, da inji na musamman wanda sai an riƙa wasa wuƙaƙensa, don wuƙa mai dakushi yagar ganye take yi, cuta ta samu hanyar shiga. Ramin kansa, mai faɗin milimita 108, ba ya zama wuri ɗaya. Ana sauya masa gurbi a kai a kai don kada ƙafafu su kashe ɓangare guda.

Abin dariyar shi ne, ciyawar da aka fi shukawa a ƙasashe masu zafi dangin ƙiri-ƙiri ce, wadda manomi ke yini yana yaƙi da ita a gona. Nacin da ya sa ya tsane ta, shi ya sa ake son ta a nan: tana jure rana, tana jure taku, ta kuma toho da wuri.

Me ya sa ake huda fili ana zuba yashi, alhali yana da kyau?

Saboda ƙasar da ake takawa kullum daddaɓewa take yi. Iska ba ta kai wa saiwa, ruwa ya kwanta a sama. Sai a kawo inji ya yi ƙananan huji dubbai, a baza yashi mai tsabta ya cike su. Filin zai yi muni na 'yan makonni, 'yan wasa su yi ta ƙorafi, amma mai kula da filin da ya ji tsoron ƙorafin ya fasa, zai ga sakamako bayan damina ɗaya ko biyu.

Ruwan fa? Ba ɓarna ba ce a shayar da ciyawa da rani?

Wannan tambaya tana da nauyi a garin da unguwanni da yawa ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. A ganina, bai dace filin wasa ya sha ruwan famfon da aka tace don mutane ba. Hanyar da ta fi ita ce a tara ruwan damina a tafki cikin filin, a ja shi da famfo lokacin hunturu da bazara, a yi ban-ruwa da dare ko da asuba kafin rana ta shanye shi. Kuma ba ko'ina za a shayar ba. Girin da wurin bugun farko sun isa. Ko sauran filin ya yi ja, ƙiri-ƙiri ba mutuwa take yi ba, ruwan farko na sauka za ta farfaɗo.

Mutane sun fi lura da rani, amma damina ta fi yin ɓarna. Daga Afrilu zuwa Oktoba, musamman Agusta da Satumba, ruwa na gangarowa daga duwatsun Abuja da ƙarfi. Kwalbati ɗaya da leda da robar ruwa suka toshe ya isa ya juya ruwa ya bi ta tsakiyar fili, ya kwashe yashin ramukan tarko, wato ramukan yashi da ake yi don ƙwallo ta faɗa ta maƙale, ya fara cin ƙasa. Zaizayar da za a tare yau da buhunan yashi da 'yan layukan jema, ciyawar nan mai dogon saiwa, idan aka bar ta shekara biyu sai an kira ɗan kwangila da katafila. Shi ya sa yasar magudanai a watan Maris, aikin da babu mai ɗaukarsa hoto, ya fi yawancin ayyukan da ake yanke musu kyalle amfani.

Dole ne sai da ciyawa a kewayen rami?

A'a. Filaye da dama a Arewa sun daɗe suna amfani da yashi da aka cakuɗa da mai, a daddaɓe, a riƙa share shi kafin a buga. Ba ya shan ruwa, ba ya son taki. Golf ya tsufa a ƙasar nan fiye da yadda ake zato: kulob ɗin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin haƙar kuza. Illar yashin ita ce man yana gurɓata ƙasa, ƙwallo kuma ba ta gudu kamar a kan ciyawa. Duk da haka, filin da ya tashi daga yashi ya koma ciyawa ba tare da tabbataccen ruwa ba, ya sayo wa kansa wahala.

To wurin shaƙatawa fa, me ke fara lalacewa?

Banɗaki. Sai famfo, sai fitilu, sai kwandon shara. Ɗauki Millennium Park na Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a Disambar 2003, zanen Manfredi Nicoletti ɗan Italiya, mai faɗin kimanin hekta 32 da rafi ya ratsa. Wuri irin wannan, taron ranar Sallah ko Kirsimeti kaɗai kan bar aikin kwanaki: shara, ciyawar da aka tattake, bencin da ya karye. Akwai kuma bishiyoyi. Reshen da gara ta cinye ta ciki ba ya nuna alama, sai iskar farkon damina ta zo. Sassabe da duba bishiyoyi kafin lokacin batun rai ne, tunda a ƙarƙashinsu iyalai ke shimfiɗa tabarma.

Idan kuɗin ba yawa, gyara za a yi ko sabon aiki?

Gyara. Duk sabon abu yana zuwa da cikinsa: maɓuɓɓugar ado na son famfo da lantarki, sabon inji na son dizal da kayan gyara da makanike. Kafin a amince da aiki, a tambayi wanda ya kawo shi nawa zai ci a shekara, kuma daga wace jaka. Sabon aikin da nake goyon baya shi ne mai rage ɗawainiya, kamar famfo mai aiki da sola, ko shimfiɗa hanyar ƙafa a daidai inda mutane suka riga suka fitar da turba da kansu.

Talaka yana da rabo a filin golf kuwa?

A Abuja kaɗan ne, don harkar ta 'yan kulob ce, kayan wasan ma da tsada. Rabon da ake gani shi ne aiki: masu yankan ciyawa, masu gadi, da samarin da ke ɗaukar jakar sanduna, waɗanda daga cikinsu ne ƙwararrun 'yan wasan Najeriya da dama suka fito. Amma ana iya faɗaɗawa. Tsohon filin St Andrews na Sikotland, wanda ake ɗauka a matsayin mahaifar wasan, a kan rufe shi ga 'yan wasa yawancin ranakun Lahadi, jama'ar gari su shiga yawo. Idan za a gwada haka a nan, sai an raba lokaci sosai, don ƙwallon golf tana da tauri, tana iya fasa kai. A killace girin da igiya, a ƙara kwandunan shara, a kuma sa kuɗin sharar safiyar Litinin cikin kasafi tun farko.