Neman Umarnan Allah da Ceto a Koyarwar Kirista

Dangantakar neman umarnan Allah da samun ceto tana cikin batutuwan da malaman Kirista suka fi daɗewa suna muhawara a kansu. Manyan ɗariƙunsu sun yarda cewa ceto kyauta ce ta alherin Allah ta wurin Yesu Almasihu. Saɓanin yana kan matsayin biyayya: ita ce saiwar ceto, ko kuwa 'ya'yan da yake haifarwa?

Tushe a Littafi Mai Tsarki

Inda aka fi komawa shi ne Zabura ta 119, sura mafi tsawo a littafin, mai ayoyi 176 a kashi 22, kowane kashi ayoyi takwas bisa jerin haruffan Ibrananci. Aya ta 155 ta ce ceto yana nesa da mugaye domin ba sa neman ƙa'idodin Allah. A aya ta 94 mai zaburar ya roƙi a cece shi tunda ya nemi umarnan. Wanda ya tsaya nan zai ɗauka ciniki ne, ba ni gishiri in ba ka manda. Sai dai aya ta 176 ta rushe wannan zato: mutumin da ya cika ayoyi 175 yana yabon doka ya ce ya ɓace kamar tunkiya, yana roƙon Allah ya nemo bawansa. Masu fassara kan haɗa wannan da Fitowa sura ta 20, inda Allah ya fara tuna wa Isra'ilawa cewa shi ya fito da su daga bautar Masar, sannan ya ba su Dokoki Goma.

A Sabon Alkawari, Bulus ya rubuta wa Afisawa (2:8-10) cewa ta alheri aka cece su ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba, amma nan take ya ƙara da cewa domin kyawawan ayyuka aka halicce su. Wasiƙar Yakubu (2:26) ta ce bangaskiyar da ba aiki matacciya ce. A Yohanna 14:15 Yesu ya mai da kiyaye umarnansa shaidar ƙauna.

Muhawarar tarihi

A farkon ƙarni na 5 wani malamin Kirista mai suna Felajiyus ya koyar cewa mutum yana da ikon cika doka da nufinsa. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya ce hatta son yin biyayya baiwa ce, kuma taron bishop-bishop na birnin Kartaj a 418 ya yi watsi da ra'ayin Felajiyus. Bayan 1517 Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya da ya haifar da Furotesta, ya kafe a kan bangaskiya kaɗai, yana ganin aikin doka shi ne ta nuna wa mutum zunubinsa. Taron Trent na Katolika ya amsa a 1547 cewa alheri ne ke farawa, amma mutum yana ba da haɗin kai. Sai a ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta Jamus, Katolika da Lutheran suka sa hannu a sanarwar bai ɗaya kan baratarwa, wato yadda Allah ke karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci. Methodist suka shiga a 2006. Wanda ya karanta hujjojin ɓangarorin da idon basira zai ga babu wanda ya ce a yar da umarnai.

A Sudan

Kiristanci ya kafu a masarautun Nubiya tun ƙarni na 6, ciki har da Alwa mai hedikwata a Soba kusa da Khartum. Kibɗawan Omdurman, Atbara da Khartum, wato Kiristoci 'yan asalin Masar, suna bin fahimtar Orthodox, wadda ke kallon ceto a matsayin tafiya ta tsawon rai: baftisma, tuba, azumi da cin Jibin Ubangiji, Allah da bawa suna aiki tare. A littafin addu'o'insu na Agbiya, ana karanta Zabura ta 119 gaba ɗaya a kashin farko na addu'ar tsakar dare, sai dai a ƙirgensu ita ce ta 118. Ikilisiyoyin bishara na Duwatsun Nuba kuwa sun fi jaddada bangaskiya kaɗai.

Hausawan Sudan, na Maiwurno da Gadarif da Kasala, galibinsu Musulmi ne, jikokin mahajjata da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Batun ba baƙo ba ne a kunnensu, domin akwai hadisi a Bukhari da Muslim cewa ba wanda aikinsa zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Rabuwar tana wani wurin: Kirista sun ɗora gafara a kan mutuwar Yesu a kan gicciye da tashinsa, alhali Alƙur'ani (4:157) ya ce ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba.