Kalmomin dokar laifuka da ɗalibi zai riƙe tun shekarar farko

Ɗalibin da ya shiga sashen koyon doka a Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua a Nijar, littattafai biyu zai fara cin karo da su: kundin hukunta laifuka, wato doka mai lamba 61-27 ta 15 ga Yuli 1961, da kundin da ya tsara yadda ake tafiyar da shari'ar laifi, doka mai lamba 61-33 ta 14 ga Agusta 1961. An yi musu gyare-gyare; na 2003 ne ya sa bautar da mutum cikin laifukan da ake hukuntawa.

Kundin hukunta laifuka ya raba laifi gida uku, kuma nauyin hukunci ne ma'auninsa. Akwai ƙaramin laifi, contravention, wanda yawanci biyan tara ne hukuncinsa. Akwai matsakaici, délit, irin su sata da damfara da cin amana. Sai babban laifi, crime, kamar kisan kai, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin shekaru masu yawa, ɗaurin rai da rai, ko kisa. Rukunin da laifi ya faɗa shi ke nuna kotun da za ta ji shi da yadda za a bincike shi.

Kafin a ce an yi laifi, dole abu uku su haɗu. Da farko, dokar da ta hana aikin ta kasance a rubuce tun kafin a aikata shi. Alƙali ba shi da ikon ƙirƙiro laifi don abin ya ɓata wa jama'a rai. Sannan akwai aikin kansa. Na uku ita ce niyya, kuma nan ne aka fi tuntuɓe. Makiyayin da ya koro tunkiyar maƙwabcinsa cikin garkensa da magariba bai sani ba, bai yi sata ba. Wanda ya ganta, ya san ba tasa ba ce, ya kai ta kasuwa, ya yi. Amma rashin niyya ba kullum yake wanke mutum ba: direban da ya take wani saboda ganganci har ya mutu zai amsa laifin kisa ba da gangan ba. Yaron da bai kai shekara 13 ba kuwa, doka ba ta ɗora masa hukuncin laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan da muke kiran wanda aka kama. Da an ga mutum cikin motar jandarma, unguwa ta gama yanke hukunci: ɓarawo ne. Doka ba ta yarda da haka ba. A komisariya ko wajen jandarma, wanda ake zargi ne kawai, kuma tsarewar bincike, garde à vue, a ƙa'idar yau da kullum awa 48 ce, sai da izinin mai gabatar da ƙara ake ƙara ta. In aka miƙa shi ga alƙali mai bincike, ya zama inculpé, wato wanda ake tuhuma. A gaban kotu prévenu ne in laifin matsakaici ne, accusé in babba ne. A duk matakan nan marar laifi ne, ko da yana kwana a gidan kaso, domin takardar da ta kai shi can, mandat de dépôt, ba hukunci ba ce. Kuma ba shi ne zai tabbatar bai yi ba. Mai tuhuma ne zai kawo hujja, in shakka ta rage a sake shi.

Iyaye sukan tambayi ɗalibi: “To ai mun sasanta, mai kaya ya yafe, me ya sa ba a sallame shi ba?” Amsar ita ce ƙara iri biyu ce. Ta neman diyya hakkin wanda aka cuta ce, yana iya barinta. Ta neman hukunci kuwa ta al'umma ce, tana hannun mai gabatar da ƙara, kuma a mafi yawan laifuka yafewar mai kaya ba ta tsayar da ita, sai dai alƙali ya duba ta wajen sassauci.