Wace Makaranta Ta Dace da Yaro Mai Buƙata ta Musamman?

Iyaye da yawa suna fara neman makaranta da sunan lalurar ɗansu a baki: kurma ne, makaho ne, galahanga (wato autism) ce da shi. Sunan yana da amfani wajen likita, amma bai isa ya zaɓa wa yaro aji ba. Ga tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin iyaye.

Makaranta ta musamman ce ta fi, ko a sa shi cikin sauran yara?

A takarda dai duniya ta karkata ga haɗa su. A 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka taru a birnin Salamanka na ƙasar Sifen ƙarƙashin UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince cewa makarantun kowa da kowa su karɓi dukkan yara. A 2006 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa, wadda sashe na 24 nata ya hana a ware yaro daga tsarin ilimi saboda nakasarsa.

To amma yarjejeniya ba ta shiga aji ta koyar. Yaron da aka ajiye a bencin baya, shekara ta zagayo babu malamin da ya lura ko ya iya riƙe fensir, ba a haɗa shi da kowa ba, ajiye shi kawai aka yi. A ganina makaranta ta musamman mai malamai ƙwararru ta fi irin wannan haɗawar nesa ba kusa ba. Akwai kuma tsaka-tsaki da iyaye kan manta da shi: makarantar kowa da kowa mai ɗaki na musamman, inda yaro zai je na wasu sa'o'i a ƙarfafa masa karatu ko magana, sannan ya koma cikin 'yan ajinsu.

Daga ina ya kamata a fara?

Daga gwajin ji da na gani, ko da kuna ganin babu matsala a nan. Yara da yawa da ake yi wa kallon marasa ƙwaƙwalwa, ashe rabin abin da malami ke faɗa ne kawai ke isa kunnensu. Masu lalurar Dawun, wadda ƙarin ƙwayar halitta ta 21 ke haddasawa, sukan yi fama da matsalar ji da ta gani, kuma galibi sun fi kama abin da aka nuna musu a kan abin da aka faɗa musu.

Bayan haka ku rubuta shafi ɗaya game da yaron. Me yake iya yi da kansa? Yana zuwa bayan gida shi kaɗai? Ta yaya yake nuna yunwa ko ciwo? Me ke tayar masa da hankali? Yara biyu masu galahanga za su iya shan bamban ƙwarai: ɗaya yana karanta littafi amma ƙarar ƙararrawa na firgita shi, ɗayan kuma ko kalma ba ya furtawa. Aji ɗaya ba zai wadatar da su ba.

Ɗana kurma ne. Me zan fi sa wa ido?

Harshe, kafin komai. Mafi yawan kurame, kusan tara cikin goma, iyayensu masu ji ne, don haka sukan taso a gidan da babu wanda ya iya maganar hannu. Shekarun farko na rayuwa ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe, kuma yaron da ya wuce su ba shi da kowane harshe yakan sha wahalar karatu daga baya, ko da an sa masa na'urar ƙara ji.

An taɓa yin babban kuskure a nan. A taron birnin Milan na Italiya a 1880, malaman kurame suka yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara karanta leɓe da furta kalmomi. Shekaru da dama aka yi ana cutar da yara da wannan tsarin. Saboda haka ku tambaya kai tsaye: malamai nawa ne suka iya maganar hannu sosai, ba 'yan alamu goma ba? Akwai kurma cikin malamai? Wace maganar hannu ake koyarwa? Ba ɗaya ba ce a duniya. Ta Amurka da ta Birtaniya ma sun bambanta, duk da cewa Turanci ƙasashen biyu ke yi.

Idan makaho ne, ku nemi a nuna muku littattafan rubutun Braille, wanda ake yi da ɗigo shida masu tudu, da kuma wanda zai koya masa tafiya da sanda.

Idan na je ganin makaranta, me zan duba?

Gani ya kori ji. Ku je ranar karatu da babu wani biki, ku nemi zama a cikin aji, ku kuma tsaya har lokacin hutun tara, don a nan ake gane yaron da ke da abokai da wanda ke rakuɓe a jikin bango. Ku leƙa bayan gida: keken guragu zai shiga ya juya? Gangaren da aka yi a madadin matakala, ƙa'idar da aka fi bi ita ce tsawon mita 12 ga kowace mita 1 ta tsayi. Wanda ya fi haka tsini ado ne kawai.

Ofishin shugaban makaranta kan yi kyau ko'ina, amma malamin ajin ne zai wuni da ɗanku, shi za ku yi wa tambaya. Me yake yi idan yaro ya birkice da ihu? In amsarsa duka ce ko kullewa a ɗaki, ku kama hanya. Idan yaron na da farfaɗiya, ku tambayi abin da za su yi in ta tashi. Amsar da ta dace: a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a sa masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe, a nemi agajin gaggawa idan ta haura minti 5. Ku tambayi kuma shekara nawa malaman suka yi a wurin, domin canjin fuska kowane zango yana rikita irin waɗannan yara.

Ana maganar rubutaccen tsarin karatu na yaro. Mene ne shi?

Takarda ce da iyaye da malamai ke rubutawa tare, mai ɗauke da matsayin yaron a yau, abin da ake so ya cim ma, wanda zai taimaka masa, da ranar da za a sake zama. Amurka ta mayar da shi doka tun 1975. Ko dokar ƙasarku ba ta tilasta ba, ku nema. "Zai inganta" ba buri ba ne. "Zai iya rubuta sunansa kafin ƙarshen zango" shi ne abin da za a iya aunawa.

Ta kwana ko jeka-ka-dawo?

Ga ƙaramin yaro, musamman wanda ba ya iya faɗin abin da aka yi masa, kwana a gida ya fi aminci. In dole sai ta kwana, ku san wanda ke yi masa wanka, ku kuma tabbatar za ku iya zuwa ba tare da sanarwa ba.

Yaushe zan gane cewa na yi kuskuren zaɓi?

Makonnin farko kuka da turjiya ba abin mamaki ba ne. Amma idan zango ya wuce yaron ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya rasa kalmomin da ya iya, ko yana dawowa da rauni babu bayani, ku nemi zama da makarantar a makon nan. Idan sauyi ya zama dole, ku karɓi kwafin tsarin karatunsa da duk sakamakon gwaje-gwajensa, ku kuma kai shi ya ga sabon ajin sau biyu ko uku kafin ranar farawa.