Gwangwanin silba da gashin kek: abin da aka daɗe ana fahimta a baibai

Mata da yawa a Katsina, musamman masu haɗa wa amarya kayan kicin a Babbar Kasuwa, sun yi imani cewa gwangwanin silba na ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi na alminiyam gasa kek, saboda ya fi nauyi da ƙyalli da tsada. Wannan kuskure ne.

Ingancin gashi ya dogara ne da yadda ƙarfe ke watsa zafi, kuma alminiyam ya ninka silba fiye da sau 10 a wannan fanni. Shi ya sa idan aka ɗora gwangwanin silba mara kauri a kan yashi cikin tukunya bisa garwashi, kamar yadda ake yi a gidaje da dama gab da sallah, sai zafin ya taru a wuri guda, gindin kek ya ƙone ya yi baƙi, alhali tsinken da aka soka a tsakiya yana fitowa da ɗanyen ƙullu. Abin takaici, fulawa ko hannun mai gashin ake ɗora wa laifi.

Silba yana da nasa amfanin, domin sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, yana kare shi daga tsatsa, kuma tsamin tumatir ko lemo ba ya cin sa, don haka ya dace da gashin kaza da kifi. Wadda kuwa shi kaɗai take da shi, ta shafe shi da bota, ta shimfiɗa takardar gashi, ta rage wuta, sannan ta ƙara wa kek ɗin lokaci.